Me ke sa wuri ya zama mai tsarki a bangaskiyar Kirista?

Tambaya: Baba, ikilisiyarmu sabuwa ce, ba mu gama gini ba, don haka a ajin wata makarantar firamare muke sujada ranar Lahadi. Wani dattijonmu ya dawo daga Urushalima da ruwan kogin Urdun a gora, yana cewa addu'ar can daban take. Abokaina kuma sun ce in ina son amsa da wuri in bi su dutsen addu'a. Shin akwai wurin da ya fi wani tsarki? In akwai, me ke sa shi zama haka?

Amsa: Ɗana, sannu da wannan tambaya. A bangaskiyar Kirista babu ƙasar da take da tsarki na kanta. Allah ne kaɗai mai tsarki, duk abin da aka kira mai tsarki kuwa, wuri ne ko rana ko mutum ko ƙoƙo, daga wurinsa ya ara. Amma in na tsaya a nan na bar ka da rabin magana, domin Kiristoci sun daɗe suna gina wurare, suna keɓe su, suna takawa zuwa gare su da ƙafa, kuma ba wauta ce ta sa su ba. Sai ka yi haƙuri mu bi ta sannu a hankali.

Buɗe Fitowa sura 3. Musa yana kiwon tumakin surukinsa Yetro a gindin dutsen Horeb, sai ya ga ɗan itace yana cin wuta bai ƙone ba. Da ya matso, aka ce masa ya tuɓe takalmansa, gama ƙasar da yake tsaye a kai mai tsarki ce. Wace ƙasa ke nan? Makiyaya ce. Jiya dabbobi sun tattake ta, ba wanda ya cire takalmi. Ka taɓa ganin sarki ya fita rangadi ya yada zango a gindin wata bishiya? Nan da nan a yi shimfiɗa, dogarai su tsaya, duk mai zuwa ya ajiye takalmi daga nesa ya durƙusa. Muddin sarki yana zaune, gindin bishiyar nan fada ce. Ya tashi, awaki su dawo inuwarsu. Ba a canza ƙasar ba, wanda ya sauka ne ya ba ta girma.

Labarin Betel ya fi wannan koyar da mu, domin Littafi Mai Tsarki ya bi shi daga farkonsa har ƙarshensa. A Farawa 28 Yakubu yana gudun wansa Isuwa bayan ya yaudare shi, ya nufi Haran. Rana ta faɗi masa a wani wuri kusa da Luz, ya ɗauki dutse ya yi matashin kai. Ba ibada ta kai shi can ba, gajiya ce. Ya yi mafarkin tsani daga ƙasa zuwa sama, mala'iku suna hawa suna sauka, Ubangiji kuma ya yi masa alkawari. Da ya farka sai ya ce ashe Ubangiji yana wurin nan, shi kuwa bai sani ba. Ya kafa dutsen, ya zuba masa mai, ya sa wa wurin suna Betel. Lura da jerin abin: Allah ne ya fara zuwa, dutse da mai suka biyo baya a matsayin shaida. Mutum bai zuba mai don ya jawo Allah ba.

To, me ya sami Betel daga baya? Da mulki ya rabu biyu bayan Sulemanu, sarki Yerobowam ya ji tsoron kada mutanensa su riƙa zuwa Urushalima zuciyarsu ta koma can, sai ya ƙera maruƙa biyu na zinariya, ya kafa ɗaya a Betel ɗaya a Dan (1 Sarakuna 12). Ya zaɓi Betel ne don sunan da ta riga ta yi. Da annabi Amos ya je can wa'azi, firist Amaziya ya kore shi, ya ce masa nan wurin sujadar sarki ne. Amos ya faɗa wa jama'a su nemi Ubangiji su rayu, kada su nemi Betel (Amos 5:4-5). A ƙarshe sarki Yosiya ya rushe bagaden ya ƙone shi. Wurin da Yakubu ya kira ƙofar sama ke nan fa. Duk mai cewa wani wuri ya sami tsarki na har abada domin wani abu ya taɓa faruwa a can, ya zauna ya karanta wannan tarihi.

Haikalin Urushalima kuwa Allah da kansa ya yarda da shi, kuma tsarkinsa hawa-hawa ne. Akwai farfajiya, akwai Wuri Mai Tsarki inda firistoci ke shiga, sai Wuri Mafi Tsarki a bayan labule, inda babban firist kaɗai ke shiga sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, da jini a hannunsa (Firistoci 16). A haikalin da Hirudus ya faɗaɗa, wanda Yesu ya shiga, an ja wata gajeriyar katanga da duwatsu masu rubutu, ana gargaɗin duk wanda ba Bayahude ba cewa in ya ƙetare ta, jininsa a kansa. An gano ɗaya daga cikin duwatsun nan a 1871, yana gidan tarihi a Istambul har yau. Ni da kai, da a lokacin muke, a bayan wannan katanga za mu tsaya. Ita ce mai yiwuwa Bulus yake tunawa da ya ce Almasihu ya rushe katangar gaba da ta raba mu (Afisawa 2:14).

Duk da haka, wanda ya gina haikali na farko bai ruɗi kansa ba. A ranar keɓewa Sulemanu ya ce sama da saman sammai ba za su ɗauki Allah ba, balle wannan ɗakin da ya gina (1 Sarakuna 8:27). Jikokinsa ne suka manta. A zamanin Irmiya mutane suna sata, suna zaluntar marayu da gwauraye, sa'an nan su shigo suna ta maimaita "haikalin Ubangiji, haikalin Ubangiji", suna ganin ginin zai tsare su. Irmiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce su je Shilo, inda akwatin alkawari ya taɓa zama, su ga yadda ta zama kufai (Irmiya 7). Ezekiyel ya ga ɗaukakar Ubangiji ta tashi daga haikalin ta fita. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu Babiloniyawa suka ƙone shi. Amma ga maganar da nake so ka riƙe: ga waɗanda aka kwashe zuwa bauta, waɗanda ba su da bagade ba su da labule, Allah ya ce shi da kansa ya zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da suka warwatsu (Ezekiyel 11:16).

Nan ne Sabon Alkawari ya ɗora. Tambayarka, kusan kalma da kalma, wata Basamariya ta yi wa Yesu ita a bakin rijiyar Yakubu. Kakanninta a kan dutsen Gerizim suke sujada, Yahudawa kuma suna cewa sai Urushalima. Wane ne da gaskiya? Yesu ya ce mata lokaci yana zuwa, har ma ya yi, da ba a kan dutsen nan ko a Urushalima za a yi wa Uba sujada ba, masu sujada na gaskiya za su yi ta cikin Ruhu da gaskiya (Yahaya 4:21-24). Kafin wannan ya riga ya ce a rushe haikalin nan, a kwana uku zai ta da shi, Yahaya kuma ya bayyana cewa jikinsa yake nufi. Da ya mutu, labulen haikali ya tsage daga sama har ƙasa. Ma'anar duk wannan ɗaya ce: wurin saduwa da Allah ya tashi daga gini ya koma cikin mutum, wato Yesu Almasihu. Daga nan manzanni suka ci gaba da cewa waɗanda ke cikinsa su ne haikalin Allah, Ruhunsa yana zaune a cikinsu (1 Korantiyawa 3:16), su ne rayayyun duwatsun da ake gina ɗakin da su (1 Bitrus 2:5). Shi ya sa da Romawa suka rushe haikali a shekara ta 70, bangaskiyar Kirista ba ta girgiza ba. Wahayin Yahaya ma, da ya kwatanta sabuwar Urushalima, ya ce bai ga haikali a cikinta ba, gama Ubangiji Allah da Ɗan Ragon su ne haikalinta.

Saboda haka maganar ajinku ba ta da wuya. Bulus ya yi shekara biyu a Afisa yana koyarwa kullum a makarantar wani mutum mai suna Tiranas (Ayyukan Manzanni 19:9-10). Wata ikilisiya a Roma tana taruwa a gidan Akila da Bilkisu, ta Kolosi a gidan Filimon. Ɗaya daga cikin majami'u mafi tsufa da masu tonon tarihi suka gano yana Dura-Yuropos, a bakin kogin Yufiretis a Siriya, an tono shi a farkon shekarun 1930. Gida ne na zama aka mai da shi wurin sujada wajen shekara ta 240. Sun fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu don a sami wurin zaman mutum sittin zuwa saba'in, suka mai da wani ƙaramin ɗaki wurin baftisma, da zanen makiyayi ɗauke da tunkiya a bango. Wanda ya bi ta titi ba zai bambanta shi da gidan maƙwabta ba. Idan an karanta Maganar Allah a ajinku, an yi addu'a cikin sunan Yesu, an ci jibin Ubangiji, to alkawarin Matiyu 18:20, cewa inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana nan tare da su, naku ne, ko da lissafin ranar Juma'a yana nan a kan allo ba a goge ba. Ku share shi da kyau, ku jera bencina, ku bar wa yaran Litinin ajinsu fes. Wannan ma sujada ce.

Yanzu ga ɗaya rabin maganar, wanda mu da muka tashi a ikilisiyoyin bishara muke yawan tsallakewa. Bangaskiyarmu ba tatsuniya ba ce da ta faru a wani gari marar suna. An haifi Yesu a Baitalami, ya girma a Nazarat, an gicciye shi a bayan ganuwar Urushalima a zamanin Bilatus. Wanda ya gaskata Allah ya zama mutum ya taka ƙasa, ba zai ce ƙasar da ya taka ba ta dame shi ba. Maganar da mala'ika ya yi wa matan a bakin kabari ta haɗa ɓangarorin biyu: ya ce musu ba ya nan, ya tashi, sa'an nan ya ce su zo su ga wurin da ya kwanta (Matiyu 28:6). A ganina duk koyarwar Kirista game da wurare tana cikin wannan aya. Ana zuwa a gani, domin abin ya faru da gaske. Ba a zuwa a same shi a can kamar an ajiye shi.

Tun da wuri masu bi suka fara girmama irin waɗannan wurare. Da aka kashe Polikap, bishop na Samirna, Izmir ta yau a Turkiyya, a tsakiyar ƙarni na 2, ikilisiyarsa ta tattara ƙasusuwansa ta binne, ta rubuta cewa za su riƙa taruwa a wurin kowace shekara don tunawa, suka kuma fayyace cewa Almasihu kaɗai suke yi wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu suke yi. Irin wannan ne ake gani a Namugongo ta Yuganda, inda aka ƙone samari Kiristoci, Katolika da Angalika, a ranar 3 ga Yuni 1886 bisa umarnin sarki Mwanga. Har yau mutane suna tafiyar makonni da ƙafa don su isa can a wannan rana.

Bayan da sarki Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin addini a 313, aka fara manyan gine-gine. Mahaifiyarsa Helena ta ziyarci ƙasar Falasɗinu, aka keɓe Majami'ar Kabari Mai Tsarki ta Urushalima a 335. Duk wanda ya shiga wannan majami'a zai ga abu biyu. Daga bakin ƙofa akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse, wanda ake cewa a kansa aka shirya jikin Yesu don binnewa, da mutane ke durƙusawa a kai, suna hawaye, suna shafa ƙyallaye. Ba na raina hawayen nan, mutum ne ya iso inda ya yi shekaru yana karantawa. Sai kuma abin baƙin ciki: ɗarikoki shida ne ke rabon ginin, Girkawa da Katolika da Armeniyawa da Kibɗawa da Habashawa da Suriyawa, an ƙayyade wa kowa lungunsa da sa'arsa tun zamanin daular Usmaniyya, kuma an sha ba hammata iska a ciki a kan iyaka. Akwai wani tsanin katako a ƙarƙashin taga da ya yi fiye da shekara 200 a wurin, domin ba mai ikon taɓa shi sai kowa ya yarda. Mabuɗin ƙofar kuwa a hannun iyalai biyu Musulmi yake tun ɗaruruwan shekaru, gidan Juda suna ajiye shi, gidan Nusaiba suna buɗewa. Wurin da ya fi kowane daraja a tarihin Kirista bai iya gyara zuciyar masu tsaronsa ba.

Magabatan ikilisiya sun hango wannan tun ana farawa. Giregori na Nissa ya je Urushalima wajen shekara ta 380, ya dawo ya rubuta cewa sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah, kuma abin da ya gaskata game da Almasihu bai ƙaru ba bai ragu ba saboda tafiyar. Jerom, wanda ya zauna a Baitalami fiye da shekara talatin yana fassara Littafi Mai Tsarki, ya rubuta wa wani abokinsa cewa ƙofar sama a buɗe take daga Birtaniya kamar yadda take daga Urushalima. Mutumin da ya fi kowa ƙaunar wurin ne ya faɗi haka. Don haka dattijonku ya yi abu mai kyau da ya je, kuma in Allah ya hore maka kai ma ka je, za ka karanta Bishara da sabon ido bayan ka ga tekun Galili. Amma haruffan JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, da wasu ke liƙawa a bayan suna ba matsayi ba ne a gaban Allah. Ruwan gorar kuma ruwa ne. Na'aman, kuturun nan shugaban sojojin Suriya, ya warke a Urdun ne saboda ya yi biyayya ga maganar annabi Elisha, shi da kansa ya ce kogunan Dimashƙu sun fi shi kyau. Filibus ya yi wa Bahabashe baftisma a ruwan da suka tarar a bakin hanya. Dattijo ya ajiye gorarsa don tunawa, ba laifi. Ranar da aka fara ɗiga wa marasa lafiya ita, ko aka fara sayarwa, a tuna da macijin tagulla da Musa ya yi bisa umarnin Allah, wanda sarki Hezekiya ya farfashe da mutane suka fara ƙona masa turare (2 Sarakuna 18:4).

Ɗarikoki ba su zama ɗaya a kan yadda ake keɓe gini ba, kuma ya kamata ka san bambancin don kada ka yi wa ɗan'uwanka mummunar fahimta. A dokokin Katolika na 1983, wuri mai tsarki shi ne wanda aka keɓe ko aka sa wa albarka don sujada ko don binne masu bi. A ranar keɓewa bishop yana shafa wa bagade da bango mai, a ƙona turare, a kunna fitilu, kuma da yake sun gaskata Almasihu yana nan a cikin gurasar da aka ajiye, shi ya sa za ka ga Bakatolike ya rusuna da gwiwa kafin ya zauna. A Habasha, gini ba ya zama majami'a sai an shigar da tabot, wani allo da ke wakiltar allunan akwatin alkawari, kuma ba a shiga da takalmi, har a majami'u 11 na Lalibela da aka sassaƙa daga cikin dutse. Masu fararen riguna a ƙasarmu, irin su Kerubim da Serafim, su ma suna tuɓewa. Martin Luta kuwa, da yake buɗe wata majami'a a Torgau ta Jamus a 1544, ya ce amfanin ɗakin shi ne Ubangiji ya yi mana magana ta Kalmarsa, mu kuma mu amsa masa da addu'a da yabo, ya ƙara da cewa in babu ɗaki ana iya yi a bakin rijiya. Ni a wannan ɓangaren nake. Amma na lura ko Katolika ba su ce tsarkin yana cikin siminti ba, domin dokarsu ta yarda bishop ya janye gini daga sujada a mai da shi wani aiki, muddin ba na ƙazanta ba ne. Kuma mu da muke cewa gini ba kome ba ne, sau da yawa mun mai da maganar hujjar sakaci: ana amsa waya a tsakiyar addu'a, ana ciniki a bakin ƙofa. Yesu da ya ce haikali zai rushe, shi ne ya kifar da teburan 'yan canji a cikinsa.

Dutsen addu'a kuwa, ka tambayi abokanka me suke nema a can. In kaɗaici ne, madalla, Yesu ma yakan hau dutse ya kwana yana addu'a, kuma mai zama a gidan haya da mutum goma ya san darajar wurin da ba hayaniya. In kuwa sun ɗauka Allah ya fi ji daga sama, to tunanin Suriyawa ne a 1 Sarakuna 20, da suka ce Allahn Isra'ila allahn tuddai ne, ba ya iko a kwari, Allah kuwa ya nuna musu kuskurensu a filin yaƙi. Yesun da ya hau dutse shi ne ya ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa. Ka yi hattara musamman da duk wurin da aka ce sai ka biya kafin ka taka, ko aka ce wani mutum ɗaya ne ke riƙe da ikon wurin.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, amma a Arewa ba a iya kauce mata: in aka ƙone majami'a fa, ko aka zubar da jini a ciki? A Oktoba 2014 'yan Boko Haram sun mamaye hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, an kuma ƙone majami'unsu masu yawa a Borno da Adamawa. Mutanen nan sun ci gaba da sujada a sansanonin gudun hijira, da suka koma gida kuma wasu suka jera duwatsu a cikin kangon da ba rufi suka zauna a kai. Katolika suna da addu'ar tuba ta musamman da ake yi kafin a koma sujada a wurin da aka aikata mugun abu, kuma ina ganin hikima a ciki, domin mutanen da suka ga jini a inda suke durƙusawa suna bukatar a tsaya a yi kuka tare kafin a ɗaga waƙa. Amma wutar maƙiyi ba ta taɓa fitar da Allah daga cikin jama'arsa ba. Abin da manzanni suka ji wa tsoro daga ciki yake fitowa. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa taronsu ba jibin Ubangiji ba ne, domin masu hali suna ƙoshi matalauta suna kallo. Wasiƙar Yakubu ta Sabon Alkawari ta tsawata wa ikilisiyar da ke ba mai zoben zinariya kujerar gaba, ta ce wa matalauci ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Wannan kuwa muna yinsa, musamman in zaɓe ya gabato, a miƙa wa ɗan takara makirufo a kan bagade, gwauruwar da ta yi shekaru tana share wurin tana tsaye a baya. A kan wannan ya kamata dattawan kowace ikilisiya su zauna su yanke shawara tun kafin baƙon ya iso da ambulan ɗinsa.